Mutumin da Ba Ya Haɗiya Shi Kaɗai

Baffa Badamasi, yayan mahaifina, yana yaro aka haƙa kanal ɗin da ya ratsa bayan ƙauyenmu a ƙasar Bunkure. Har yau idan yana ba da labarin ranar da ruwan madatsar Tiga ya fara isowa, sai ya rage murya. Ya ce a hankali ya zo, yana tura busassun ganye a gabansa, kamar baƙon da bai tabbatar da gidan ba.

Tun daga lokacin bai yi nisa da bakin ruwa ba. Shinkafa da damina, alkama da tumatir da rani. Ya auri Inna Saude, ya aurar da 'ya'ya, gemunsa ya yi fari yana tsakiyar fangali da wando a naɗe. Amma abin da aka fi saninsa da shi shi ne tayi. Bai taɓa kai abu baki ba tare da ya miƙa wa na kusa ba, ko da ɓarin goro ne. Inna Saude ta rantse ta taɓa ganin ya yi wa balbela bismilla.

Ciwon ciki ya daɗe yana cinsa. Ya sha kanwa, ya sha nono, ya sha saiwoyi iri-iri. Wata rana aka tsince shi a kwance a gefen kanal, ya yi aman jini.

A lokacin na gama jami'a, ina taimaka wa wasu likitoci a Kano da ke bincike kan wata ƙwayar cuta mai murɗaɗɗen jiki, wadda ke zama a tumbin mutum tana haddasa gyambo. Suna son gano magungunan da har yanzu take jin tsoro, don ta fara raina wasu. Na kai Baffa wurinsu.

Aka fesa masa magani a maƙogwaro, aka zura siririn bututu mai kyamara. Da aka gama, likita ya juya masa allon. Baffa ya daɗe yana kallo. Wuri ne ja-ja mai sheƙi, duk kunya-kunya, da ɗan ruwa kwance a kwari. Ya ce ashe shekara da shekaru yana yawo da gona a cikinsa bai sani ba. Ya nuna gyambon da yatsa, ya ce ga inda ruwa ya ci ƙasa.

Aka ba shi magunguna kala-kala, aka ce ya shanye duka. Da lokaci ya yi ya dawo gwajin numfashi, wanda ake ba mutum wani ruwa ya sha, sannan ya hura iska cikin 'yar jaka. Iskar ta nuna ƙwayar cutar tana nan. Likita ya sauya magani bisa abin da aka gano daga ɗan naman da aka tsinko a cikinsa ranar da aka zura bututun. A waje ya ce mini magungunan da suka rage ba su da yawa, idan wannan ma ya kuskure, jinin na iya dawowa.

Ranar Asabar na je gida, Inna Saude ta ba ni abinci in kai masa gona. Rana ta yi tsaka, ruwan kanal yana tafiya da sararin sama a bayansa. Na same shi a gindin mangwaro tare da amininsa Jaji, Bafulatanin da ke kawo shanunsa kiwo a gonar bayan girbi tun kafin a haife ni. Suka ci. Sai Baffa ya zazzage ƙwayoyin maganin a tafinsa ya miƙa.

"Bismilla, Jaji."

Jaji ya duba kamar mai zaɓen goro, ya ɗauki guda biyu. Ya ce jan nan ya fi kwantar masa da ƙwannafi.

Ban iya ɗaga ido ga manya ba, balle in yi musu gyara. Ina wasa da murfin kwano na yi tambaya.

"Baffa, na farkon ma haka aka sha shi?"

Ya ce ƙwarai, har Iliyasu mai injin ban ruwa ya samu rabonsa.

Na ce masa maganin awo gare shi. Idan ya kai rabi ya tsaya, ƙwayar ba ta mutuwa, sai dai ta koyi yadda za ta jure. Ya gane tun kafin in rufe baki, don ya san abin da ke faruwa da fangalin da ruwa bai kai ƙarshensa ba. Amma ya girgiza kai.

"'Yar nan, in haɗiya yana kallona? Shi ma fa cikin nasa ciwo yake."

Jaji ya yi dariya ya ce, "Kaɗo, ashe da kirkinka za ka kashe kanka, a ce ni na ci."

Na gaya wa likita. Ya cike abin da ya tafi, ya ce a fara daga farko. Ya ce a kawo Jaji ma a gwada shi, amma sai ragowar maganin da ya sha ya bar jikinsa.

A gida babu matsala, Baffa yana yi wa Inna Saude tayi tana hararar sa. Gona ce abin tsoro. Da na koma mako na gaba, na zauna nesa kaɗan ina kallo. Suna gama cin abinci Jaji ya miƙe ya karkaɗe riga, ya ce bari ya duba ko ruwa ya kai ƙasa, shi da bai taɓa ban ruwa ba a rayuwarsa. Ya shiga cikin alkama har ta kai masa ƙugu, ya juya baya ya tsaya, malafarsa tana lilo a iska.

Baffa ya buɗe tafinsa. Ya duba dama, ya duba hagu. Babu kowa sai ruwa da balbelu. Ya miƙa hannun ga sarari, ya yi bismilla a hankali, ya ɗan jira, sannan ya haɗiye duka.

Ranar gwaji na biyu tare suka zo da Jaji, kowa da jakarsa a hannu. Ta Jaji ta nuna ƙwayar, aka ba shi nasa maganin. Ta Baffa ta fito babu komai. Ya roƙi a bar shi ya ɗan riƙe jakar, ya ɗaga ta wajen taga yana kallon numfashinsa a ciki.

Yanzu ya koma tsakiyar fangali. Idan azahar ta yi, Jaji ne ke buɗe tafi a gindin mangwaro, Baffa kuma yana can cikin alkama ya juya baya, wai yana duba ruwa.