Salansar Ƙonni

Shekarar da aka kai ni Illela, ban san kowa a garin ba sai mijina. Daga Sakkwato aka ɗauko ni, ban daɗe da gama sakandare ba, aka sauke ni a wani gidan haya bayan kara, inda ake cinikin dabbobi. Maigidan malamin dabbobi ne, aikinsa bin rugage yana yi wa shanu allura. Da hantsi yake fita, sai yamma liƙis ya dawo. Ni kuwa ba na fita. In na gama shara da wanke-wanke na yi walaha, sai in zauna da Alƙur'anina. Mai gidan hayar, wata tsohuwa da nake kira Inna, kunnenta ya yi nauyi, hira da ita sai da ɗaga murya, ni kuma ban saba ba.

Babur ɗin maigidan irin na daji ne, dogo, tayoyinsa da haƙora. Ranar Lahadi in kasuwa ta watse, samari masu irinsa kan taru a wani tudun rairayi bayan gari su yi tsere, shi ma ba a barinsa a baya. Kullum yana ƙorafin injin ba shi da ƙarfi. A hanyar Tozai, ya ce, akwai rairayin da sai ya sauka ya tura, ga akwatin magani a baya. Don haka ya kai aka faɗaɗa bulon injin, aka sa fiston mai girma da sabon ringi, aka sake kafireto. A tsakar gidana ya wanke sauran ƙarafan da kananzir, cikin tsohon farantina, yana faɗa mini sunan kowane kamar mai biya wa ɗaliba karatu. Ban damu da ƙarfe ba, amma ranar ya wuni a gida, don haka na riƙe sunayen har yau.

Saura salansa, bututun da hayaƙi ke fita. Makanikensa na Ƙonni, can ƙetaren iyaka, ya ba shi guda biyu ya gwada ya zaɓa. Ɗaya doguwa ce baƙa, kusan irin wadda babur ɗin ya zo da ita. Ɗayar kuwa daga babur ɗin Turawan da ke tsere cikin hamada aka cire ta. Tsakiyarta a kumbure take kamar gora, wutsiyarta gajera, duk jikinta tabon walda. Ya ce kumburin nan ne ke ƙara wa inji numfashi. Ita ya fara ɗaurawa.

Da ya buga babur ɗin, kajin Inna suka watse, ita kanta ta fito tana salati, ta ce tun da kunnenta ya mutu ba ta ji abu garau haka ba. Ƙara ce siririya mai kaifi, ba ta kama da ta kowane babur a garin.

Da yammacin ranar da ya fara fita da ita, ina tankaɗe sai na jiyo ta, can nesa, kamar sauro a bayan kunne. Na ajiye rariya na saurara. Shi ne, tun daga wajen hanyar Amarawa. Na ji inda ya rage gudu, na ji inda ya shiga rairayi injin ya ɗau kuka, na ji ya fito. Kafin ya iso na ɗumama miya, na sake zane, na zuba ruwan alwala a buta. Ya shigo ya same ni a tsaye, ya ce wa ya gaya mini yana tafe. Na ce babu kowa.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi mini sauƙi fiye da duk waɗanda na yi a gidan. Da safe nakan raka shi da kunne har ƙarar ta narke. Da rana na daina leƙen zaure, don na san in yana tafe zan ji. Har barcin azahar na fara yi. Ranar Lahadi ina zaune a kan tabarmata na san lokacin da ya wuce samarin nan a tudu, na yi dariya ni kaɗai.

Sai wata rana ya dawo fuska ba walwala. Bayan ya ci abinci ya ce ya shiga wata ruga wajen Gidan Katta ana tatsa. Shanu suka firgita, wata saniya ta shure ƙwarya, maruƙa suka tsinke igiya. Ardon wurin bai yi faɗa ba, ya dai ce masa in zai sake zuwa da wannan aljanin, to ya bar allurarsa a gida. A wata rugar ma, da suka jiyo shi tafe, sai suka kora garken daji tun kafin ya iso. Ga shi lokacin ana jin labarin ciwon shanu a ƙetare.

Ya ɗauko baƙar salansar ya ajiye kusa da babur ɗin, ya tsuguna yana kallonsu. Na san ransa na kan mai kumburin.

"Amarya, ke mi kinka gani?"

Na so in ce ya riƙa kashe injin daga nesa ya tura. Amma na san rairayin da ya sa aka yi wannan aikin tun farko, na kuma san dabbar mutane amana ce a hannunsa.

"Malam, ɗaura baƙar. Shanun ba su san tsere ba."

Ya yi dariya, ya ce ashe Ardo ya sami lauya a cikin gidansa. Washegari ya ɗaura ta, ya mayar da ɗayar Ƙonni. Bai san abin da na rasa ba, ni ma ban ga yadda zan faɗa masa ba tare da ya zama nauyi a kansa ba.

Baƙar salansar ba ta da laifi. Injin ya ja, shanu sun tsaya. Sai dai muryarta irin ta kowa ce, ba na jin sa sai ya kashe a ƙofar zaure. Na koma sauraron kowane babur da ya gifta tun daga azahar, barcin rana ya ƙaurace mini.

Ba a jima ba wani ya sayi mai kumburin. Ban taɓa ganinsa ba, maigida ne ya ce wani saurayi ne mai jigila tsakanin Illela da Ƙonni. Ranar da na fara jin ta ina cikin lazimin la'asar. Kafin in ankara na miƙe na ɗora tukunya. Ƙarar ta matso, ta zo daidai layinmu, ta wuce wajen iyaka. Na sauke tukunyar, na koma kan sallaya, na rasa inda na tsaya a carbin, na faro daga farko.

Haka ya riƙa wucewa kusan kullum har muka bar garin. Na daina miƙewa daga baya, amma hannuna kan tsaya a kan abin da nake yi sai ya wuce. Wata rana Inna ta gan ni riƙe da muciya ban motsa ba, ta tambaye ni da ƙarfi ko lafiya. Na matsa kusa da kunnenta na ce mata tuwon nake jira ya yi kauri.