Katin Girafik na Jikokina

Jiya na ajiye katin girafik ɗin kwamfutata a gaban mai shagon da ya sayar min bara a Wuse, ina so ya saya in cika kuɗin haya.

Lokacin da zan saya, makonni na yi ina kwatanta guda biyu kafin ya tura ni ga mai tsadar, wai memorinsa ya fi yawa.

Jiya kuwa, ya jujjuya katin ya ce, "Oga, wannan ai ya tsufa. Rabin kuɗinsa zan iya."

Na ce, "Ba kai ka ce har jikokina za su mora ba?"

Ya ce, "Za su mora mana, in ka ajiye musu. Ni ban yi maganar sayarwa ba."

Haka na dawo Karu da katina. Ashe gado na saya wa jikokin da ko kakarsu ban aura ba tukuna. Waye cikinku ya taɓa faɗawa hannun irinsa?