Maginin da Ya Ji Tsoron Zuciyarsa

Audi magini ne ɗan magini, mutumin Ƙofar Dundaye. Kakata ce ta ba ni labarinsa, don gidansu na jingine da nasu, kuma har ta tsufa ba ta taɓa ambaton sunansa da ƙarfi ba. Ta ce dogo ne mai faɗin tafin hannu, marar yawan magana. Ba a san shi da faɗa ba. In aka ɓata masa rai sai ya yi shiru ya ci gaba da aikinsa, mutane su ce Audi akwai haƙuri. Matarsa Dije kaɗai ta san ba wucewa abin yake yi ba, ajiye shi yake yi a ciki.

Uban Audi, Bawa, yana cikin waɗanda suka fita yaƙi bayan gari ranar da Nasara suka iso Sakkwato, bai dawo ba. Ya bar 'ya'ya maza biyu, Audi da ƙanensa Siddiƙu, dukansu magidanta, a gida ɗaya da rijiya ɗaya. Su biyun sun gaji sana'ar, amma Audi ya fi hannu. In ya ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasar da ke riƙe rufin soro, sai ka ga tsofaffin magina sun tsaya sun ɗaga kai suna kallo.

Bayan 'yan shekaru da cin garin aka aiko a tara magina, za a yi wa Turawa gidaje can bariki. Ba a tambayi ra'ayin kowa ba. Tsoho Tambari, shugaban maginan unguwar, wanda ya koya wa Audi aiki tare da ubansa, shi ya ja su suka tafi. Aka ɗora musu wani soja mai jar hula ya riƙa tsaron aiki, baƙo ne, Hausarsa ma ba ta garin ba ce, kullum da bulala a hannu.

Sun gama wani babban soro, Audi ne ya ɗaura bakansa, ya bushe sarai har an yi masa yaɓe. Rani ne, rabon sama da hadari an daɗe. Ran nan da rana tsaka sojan ya ce a fara ɗora tubalin gini na gaba. Tambari ya ce kwaɓar ba ta nuna ba, sai ta ƙara kwana tana ruɓa, in ba haka ba ginin ba zai riƙe ba. Sai sojan ya ɗaga bulala ya zuba wa tsohon a fuska. Rawaninsa ya warware ya faɗi cikin laka. Sojan ya ƙara masa. Tambari ya durƙusa yana lalube, jini na bin gemunsa.

Magina duk suka sunkuyar da kai. Audi ma bai motsa ba. Idonsa ya sauka kan soron nan da ya gina, ya ji wani zafi ya taso masa daga ciki ya cika ƙirji, kunnuwansa suka toshe. Bai buɗe baki ba. A zuciya kawai ya ce da soron, faɗi.

Sai aka ji ƙas, kamar an karya busasshen kara. Tsaga ta fito daga tsakiyar baka ta gangara har ƙasa. Kafin wani ya yi salati rufin ya lotsa, soron ya zube gaba ɗaya, ƙura ta turnuƙe wurin. Sojan ya yar da bulala ya ruga. Babu kowa a ciki, Allah ya tsare.

Da ƙura ta lafa, Tambari ya shiga cikin ɓaraguzan da jininsa, yana jawo azara ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Ba gara, ba ruɓa, ba wadda ta zame daga mazauninta. Ya juyo ya dubi Audi.

"Ɗana, tun da nike gini ban ga irin wanga ba. Itace lahiya lau, ƙasa ta bushe. Mi ak kada shi?"

Audi ya zauna a ƙasa. Baturen da ke da aikin ya zo da yamma, ya zagaya, ya murza ƙasar a yatsa, ya ce ramin da aka ɗebo ta ne ba shi da kyau, a sake wani. Magana ta ƙare a nan, ga kowa ban da Audi.

Ya koma gida ya ƙi cin tuwo. Dije ta matsa masa, ya gaya mata. Ta dafe ƙirji, ta leƙa waje ko akwai mai ji, sannan ta dawo ta durƙusa gabansa.

"Malam, don Allah kada ka sake hwaɗin wagga magana ga kowa. Gini na hwaɗuwa. Kai wa, da za ka kada soro da zucciya?"

Shi ma abin da yake so ya ji ke nan. Da gari ya waye ya ɗauki wata tsohuwar tukunya mai tsaga ya kai bayan ɗaki, ya zauna ya zuba mata ido, yana ce mata fashe, fashe, har gumi ya jiƙe masa riga. Tukunya na nan yadda take. Kaza ma ta zo ta hau bakinta. Audi ya yi dariya shi kaɗai, ya yi istigfari, ya koma bakin aiki. Shekaru suka wuce, ya gina zauruka da rumbuna da ɗakunan amare a cikin gari, ba wanda ya ko tsage.

Abin da ya dawo da maganar rikicin gida ne. Iyali sun yi yawa, matan ba sa jituwa a bakin rijiya, sai Siddiƙu ya ce a raba gidan. Audi ya ƙi, ya ce gidan Bawa ba a ja masa katanga a tsaka. Siddiƙu mutum ne mai gaggawa da kaifin baki. Ya bari sai da Audi ya tafi wani aiki a ƙauye, ya kwaɓa ƙasa, ya ja katanga tun daga zaure har bayan gida. Ɗakin da ubansu ya zauna ya faɗa a ɓangaren Siddiƙu.

Audi ya dawo da hantsi ya tarar da katanga ta fi tsayin mutum, Siddiƙu na tsaye a gindinta ta wancan gefe yana shafa yaɓe. Ya yi masa magana ta saman ginin, a hankali, ya ce abin da ya yi bai kyauta ba, ko don darajar mahaifinsu.

Siddiƙu ya yi dariya. "Yaya, kai ka zancen darajar Baba? Kai da kag gina ma waɗanda sunka kashe shi ɗakin kwana, har kana gyara musu baka?"

Mata suka tsaya da daka. Dije ta ce tana kallon mijinta a lokacin, ta ga fuskarsa ta canza, idonsa ya kafe a kan katangar, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ta gane. Ta yar da taɓarya ta yi kansa tana cewa, "Malam, a'a! Malam!" Ba ta kai gare shi ba.

Katangar ta yi ciki, ta karkata, ta kife ta gefen Siddiƙu.

Ihun matan ya tara unguwa. Waɗanda suka fara shigowa suka tarar da Audi a kan tarin ƙasa yana tono da hannu kamar mahaukaci, faratansa na jini, yana kuka da muryar da ba a san shi da ita ba.

"Ni na! Wallahi ni na! Ni nic ce ta hwaɗi! Har soron bariki ni na!"

Mutane suka tsaya cak, suna duban juna. Wani ya ja da baya har ya yi karo da randa. Da ƙyar aka samu masu ƙarfin hali suka kama masa tonon. Aka zaro Siddiƙu da rai, amma ƙugunsa ya karye. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Siddiƙu bai sake tsayawa da ƙafafunsa ba.

Kafin la'asar labari ya kai kasuwa. Kakata ta ce tana yarinya a lokacin, uwarta ta hana su wucewa ta ƙofar gidan. In Audi ya fito, mata su kife ƙore su rufe tukwane, masu zama gindin katanga su tashi su koma fili. A masallaci sahun da yake ciki sai ya yi giɓi dama da hagu. Wasu suka ce maita ce, wasu suka ce ai maye kurwa yake kamawa, ba a taɓa jin mayen ƙasa ba.

Audi ya tafi wurin Malam Mode, limamin unguwar, wanda ya san shi tun yana yaro. Ya zauna nesa da bango, ya faɗa masa komai, har da tukunyar da ta ƙi fashewa. Malam ya daɗe yana jan tasbaha.

"Audi, ko ganye ba ya motsi sai da izinin Allah. Kuma an ce mini katangar ɗanya ta, an yi gaggawar ɗora ta."

"Soron bariki hwa, Malam? Shi kam ya bushe."

Malam ya koma jan tasbaharsa.

"Allah gafarta Malam, ka gaya mini gaskiya. Ni na, ko ba ni na ba?"

"Ban sani ba," in ji Malam Mode. "Na yi karatu gwargwado, ban iske inda anka yanke wanga ba. Abin da nis sani, ka so ta hwaɗi alhali ƙanenka na ƙarƙashi. Wannan kam naka na, ko ta hwaɗi ko ba ta hwaɗi ba. Shi za ka tuba a kai."

Audi ya fito jiki a sanyaye. Ya zo ne a ce masa e ko a'a, sai ga mutumin da unguwa duka ke kai wa tambaya ya ce bai sani ba.

Daga ranar bai sake taɓa tubali ba. Wani attajiri mai fataucin hatsi ya biyo shi a asirce, ya ce akwai rumbunan wani abokin hamayyarsa da yake so a duba masa, a yi musu irin kallon nan. Audi ya runtse ido, ya toshe kunne, ya ce a fitar masa da mutumin nan tun kafin ransa ya ɓaci. Attajirin da ya ji haka bai tsaya ɗaukar takalmansa ba. Akwai kuma masu roƙon ya gina musu, wai in zuciyarsa na iya kayarwa to tana iya riƙewa, ginin da ya sa wa albarka ba zai taɓa faɗuwa ba. Su ma ya ba su haƙuri. Ya koma noma a fadama, gonarsa da ta Siddiƙu duka shi ke yi, shi ke ciyar da gida biyu. In ya ji ransa ya fara ɓaci, ko da a tsakiyar cin abinci ne, sai ya tashi da sauri ya nufi bakin gulbi, ya zauna yana kallon ruwa har abin ya sauka.

Mutum ɗaya ne a Ƙofar Dundaye bai taɓa yarda da labarin ba, shi ne Siddiƙu. Kullum da safe Audi ke goyo shi ya kai shi zaure, inda ya koyi tufkar igiya. Duk wanda ya zo yi masa jaje ya kawo zancen, sai ya harzuƙa.

"Ƙarya ta! Ni nik kwaɓa ƙasar, ni nis san abin da niy yi. Ban bari ta kwana ba, tushe ma ban haƙa na kirki ba, ina sauri kada Yaya shi dawo. Katangata ta, ni nib ɓata ta. Shi dai son girma garai, har hwaɗuwar ginina shina so a ce aikinshi na!"

Audi ya ce, "Siddiƙu, na san abin da nij ji."

"Kai ka ji, ni ta danne!"

Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, kullum a zaure ɗaya, ba wanda ya sauka daga kan maganarsa. Mutanen unguwa suka saba, tsoro ya ragu, amma bai gushe ba.

Shekarar da annobar mura ta shigo gari tana ɗibar mutane gida gida, Audi na cikin waɗanda ta kama. Zazzaɓi ya yi zafi, ya fara sambatu, yana ganin sojan nan mai jar hula a bakin ƙofa. Da hankalinsa ya ɗan dawo ya ɗaga ido ya ga azarar rufi a samansa, ga Dije zaune, ga jikoki na shige da fice. Ya zabura ya kama hannunta.

"Ku hitar da ni. Ban iya riƙon zucciyata yanzu. Ku hitar da ni daga ɗakin ga!"

Dije ta ce iska za ta ƙara masa ciwo. Ya dinga roƙo yana kuka, yana ƙoƙarin rarrafawa. Daga zaure Siddiƙu ya ɗaga murya ya ce wauta ce, amma a yi masa abin da yake so. Aka ɗauke shi a kan tabarma aka fita da shi bayan gida, aka wuce rumbuna, aka wuce dangar maƙwabta, yana cewa a ƙara gaba, har sai da aka kai fili inda ba gini ko ɗaya kusa. Siddiƙu ya sa aka ɗauko shi shi ma aka ajiye shi gefensa, ya riƙa kare masa rana da faifai yana yi masa faɗa. A nan Audi ya samu barci. Bayan azahar ya cika.