Saniyar da ba ta san hanya ba

A ƙauyenmu na gefen dutse mai aman wuta ba a sakin saniya kiwo. Ina filin yake? Ko'ina rogo ne da kabeji. A rumfa ake haihuwarta, a rumfa take tsufa, mai ita ne yake yawo a madadinta.

Inna Sarikem ta yi shekara arba'in tana wannan yawon. Kullum da sassafe za ta haura dutse da lauje, ta sauko da damin da ya fi ta girma, daga nesa ka rantse ciyawar ce ke tafiya da ƙafarta. Katangar gora ce kawai tsakanina da ita, kuma mun sha faɗa, don matar akwai taurin kai. Mijinta ya rasu, ɗanta Wagiran yana tuƙin mota a birni, daga ita sai saniyarta Menik. Sai ta dama wa Menik dusa da gishiri kafin ita ta sa komai a bakinta. Idan na tsokane ta cewa saniyar ta fi ta ƙiba, sai ta ce ni mai miji ai ba ta ga ƙibar da nawa ya yi ba.

Shekarar da dutsen ya tashi, Menik na da maraƙa 'yar kwana tara. Toka na zuba, aka turo motocin kwashe jama'a, aka ce mutane kawai. Inna ta zauna a bakin rumfa ta ce ba inda za ta. Na roƙe ta, na yi mata masifa, har na yi kuka. Daga ƙarshe ta miƙe ta kwance igiyar Menik, ta wangale ƙofar rumfar, ta ce dabba ta fi mutum sanin gudu. Duk muka ce gaskiya ne, har da ni.

Kwana goma sha biyu muka yi a wata makaranta a can ƙasa. Inna ba ta cin abin kirki. Duk wanda ya shigo sai ta tare shi, ko ya ga jar saniya mai fararen ƙafafu da 'yarta? Ba wanda ya gani. Ita kuma sai ta ce ai shi ke nan, sun gangara rafi ke nan.

Ranar da aka bari muka koma, ni na riƙe mata hannu, toka har ƙwauri. Ƙofar rumfar tana nan a buɗe yadda ta bar ta. Menik na kwance a gaban komin da ake zuba mata ciyawa, kanta na fuskantar hanyar da Inna ke saukowa, maraƙar a jikinta, duk sun mutu. Ko taku ɗaya ba su yi waje ba. Tun da aka haifi Menik ba ta taɓa zuwa neman abinci ba, abinci ne ke zuwa mata. Mun sani sarai, amma ranar da aka kwashe mu babu wanda ya tuna.

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, kin yi iya yinki. Kin ma kwance ta."

Ta durƙusa tana share tokar da ke fuskar saniyar da gefen zanenta.

"Da ma na bar ta a ɗaure, 'yar nan," in ji ta. "Da sai in ce igiya ce ta hana ta. Ni take jira."