Zauren Kaka da Gidajen Kan Dutse

Duk wanda ya ji na bi uwar ɗakina Madam zuwa duwatsun Suwizalan sai ya ce ai na more dusar ƙanƙara. Ba su gane ba. Ƙanƙara ko a firij akwai ta. Abin da ba zan taɓa mantawa ba a tafiyar nan gidaje ne, da wata waya da na buga a gefen titi.

Reno nake yi a wani gida a Lusail, ƙasar Qatar. Zaman korona duk a saman bene na yi shi, ina kallon gilashi da siminti, har na ga in ba su ba, ba gini ba ne. Shi ya sa na matsa wa Yayana a Zariya a ture zauren ƙasar da Kakanmu ya gina, a ɗora na bulo. Ya yi ta ja, na ce khalas, magana ta ƙare, ranar Asabar a fara. Ni fa ba na jira.

A wannan makon ne aka fara gasar kofin duniya, Madam ta ce hayaniya ta ishe ta, yalla, mu tashi mu bar musu garin.

Garin farko da muka shiga, gidajen duk na katako ne, sun yi baƙi don tsufa. Tausayi ya kama ni, na ce ashe Turawa ma a baca suke kwana. Madam ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce gidan da nake wa jaje ɗin ko ita ba za a sayar wa ba. Gaba kaɗan na hango rufi an danne shi da duwatsu, sak na ƙauyenmu in ana tsoron iska. Nan na haukace. Na manne da tagar mota ina nuni kamar baƙauyiya. Wani gari barandarsa sassaƙa ce kamar ƙwarya, wani rufinsa falalen dutse, wani hasumiyarsa kamar an kifa albasa. Kowa da nasa, ba mai jin kunya.

Ranar Asabar muka isa wani gari mai fararen gidaje masu kaurin bango, tagoginsu sun shige ciki. An kankare zane a jikin yaɓen, kewaye da ƙofa. Na sauka na shafa. Hannuna ya san wannan abin. Haka na taso ina bin zanen ƙofar zaurenmu da yatsa, wanda Kaka ya yi da hannunsa.

Nan take na kira Yaya. Ya ce leburori na sama, har sun sauke zanko ɗaya.

"Yaya, don Allah ka ce su sauko."

"Ke da kika ce muna zubar miki da aji? Sanyi ne ya taɓa miki kai?"

"Ya taɓa. Su sauko dai."

Na ji yana yi musu magana, sannan na zauna a kan dakalin mutane ina dariya ni kaɗai, Madam na min hon.

Sai da na haye teku na koyi cewa tsufa ba talauci ba ne, kuma mai gaggawa shi ke rushe abin da ba zai iya mayarwa ba. Na gaya wa Yaya ya nemo min tsohon magini mai aikin ƙasa tun kafin damina. Hutuna na gaba a gida zan yi shi, ni zan riƙa miƙa masa kwaɓi.