Yadda firinta ta kai Yayana Makka

Shekarar da Yayana ya yi niyyar aikin hajji, tun kafin fasfonsa ya dawo daga Yawunde ya gama shirin tarbar kansa. Ya je wurin mai hoto aka ɗora masa rawanin Larabawa, aka liƙa Ka'aba a bayansa. Daga nan ya zauna a kwamfutarsa ya tsara takardar walima: aya a sama, fuskarsa a tsakiya, a ƙasa kuma "Barka da dawowa, Alhaji". Har takarda mai ƙyalli ya sayo don aikin.

Firintar tana falon gidanmu a Garwa, da ita yake buga takardun kwastan na kayan da yake shigowa da su daga Najeriya. Ranar da ya tashi buga hoton, masu wuta suka ɗauke. Kowane mai hankali zai jira, amma Yaya ya yi ta danna madannin kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar kurma.

Kujerar ba ta samu ba. Jirgi ya tashi ya bar shi, unguwa ta yi masa jaje, magana ta wuce. Abin da unguwa ba ta sani ba shi ne hoton, kuma Yaya ya gwammace a kama shi da sata da a gan shi.

Firinta kuwa ba ta manta ba. Duk lokacin da aka kunna ta, sai ta yi gyaran murya ta fara amayo Alhaji. Takardar kwastan guda ba ta fitowa sai Alhazai sun riga ta. Idan wuta ta yanke a tsakiya, da ta dawo sai ta koma farko.

Na zo hutu daga Figil, inda nake koyarwa, na tarar da wannan hidima. Na ce, "Yaya, aikin ne ya maƙale a layi cikin kwamfutar. Buɗe min in goge."

"Ke da alli kika saba," in ji shi, yana surka Faransanci. "Imprimante ɗin ce ta ɗauki zafi. C'est rien, ba wani abu ba ne."

Ya sa mata fanka. Ya canza waya. Ya juya ta ya bubbuga bayanta kamar jaririn da ya ƙware. Ya zagi masu wuta har kakanninsu. Ya ƙi kiran mai gyara, don mai gyara yana da ido, yana kuma da baki. Kwamfutar ma ya ƙi ba ni, wai akwai sirrin kasuwanci. Sirrin da ke zuba a kan tabarma kullum safe.

Wadda abin ya ci ita ce Inna, mahaifiyarmu. Takarda mai aya ba ta kwana a ƙasa a gabanta, ba a jefa ta a shara, ba a ƙunshe ƙosai da ita. Duk wadda ta faɗo, Inna za ta dafa gwiwarta mai ciwo ta durƙusa ta ɗauka, ta kaɗe, ta ɗora a saman kabad. In baƙi suka yi sallama, ita ke rugawa ta rufa wa firinta zane. Ina kallon tsohuwar nan tana nishi saboda girman kan ƙato mai gemu, raina yana ɓaci ba kaɗan ba.

Da kabad ya cika, Inna ta ce a kai su ruwa mai gudu. Na ce a ƙona a binne tokar. Yaya ya ce shi zai ji da kayansa. Da sassafe ya hau babur ya je kan gadar Binuwai ya zazzage buhun, ya dawo yana fito.

Rani ne, kogin duk yashi. Ban san wane ruwa mai gudu ya gani ba.

Bayan la'asar wani dattijo mai wanki a bakin kogi ya yi sallama, da ƙunshi a kansa. Takardun sun maƙale a gaɓa, shi da abokan aikinsa da masu ɗiban yashi suka ga aya, suka tsince su ɗaya bayan ɗaya, suka shanya a rana tare da kayan mutane. Takarda mai ƙyalli ce, ruwa bai ci fuskar ba. Sai da ya bi kasuwa yana nunawa kafin aka kwatanta masa gidan.

"Jam na, Alhaji? Barka da dawowa," ya ce wa Yaya da zuciya ɗaya, ya fara da gaisuwar Fulatanci. "Allah ya sa karɓaɓɓe ne."

Inna ce ta karɓi ƙunshin ta ce useko, godiyar Fulatanci, ta sa wa dattijon albarka. Da ya fita ta miƙo min.

"Kai masa ɗakinsa. Ni na gama durƙuso."

A yammacin ya ajiye min kwamfutar a buɗe ya fice. Kafin shayina ya huce na goge layin.

Tun daga ranar unguwa ta koma kiransa Alhaji, har da ranƙwafawa. Daga baya Allah ya nufa ya je da gaske, ya dawo da zamzam da dabino. Mutane suka zo suka ce barka da dawowa, Alhaji, da irin muryar da suka saba, kuma har yau in an kira shi sai ya duba fuskar mai kiran kafin ya amsa.