Lambun Inna Kulu na Bayan Ɗaki

Yau da safe ina tsaye a asembilin makaranta wayata ta yi ƙara. Maƙwabciyar Inna Kulu ce. Ta ce Inna ta cika.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yanzu na dawo daga gidan. Ku yi haƙuri in rubutun ya zo a hargitse.

Da yawanku kun sha ganin hotunan tumatir da zogale da nake sawa a nan, kuna tambayata gonar wa ce. Ba gona ba ce. Bayan ɗakin tsohuwar nan ne a Ƙofar Atiku, filin bai wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba.

Na zo Sakkwato aikin koyarwa wata biyu bayan mutuwar aurena. Ban san kowa ba. Aka haɗa ni da ita, ta ba ni ɗaki a gidanta. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta biyu maza suna Kudu da iyalansu, sai dai a gaisa a waya. Gida babba, mutum ɗaya.

Makonnin farko in na dawo daga makaranta sai in kulle kaina. Ba na girki, ba na hira. Ba ta taɓa tambayata abin da ya faru ba.

Wata ranar Asabar ta buga ƙofata, tana riƙe da wani tsohon kwano da gindinsa ya ɓule.

"Taho ɗiyata, ki aza min hannu. Gwiwag ga ta ƙi."

Na bi ta. A lokacin ba komai a wurin sai rijiya, da itacen lalle a gefenta, da zogale guda da ya kusa bushewa. Ƙasa ta yi tauri kamar daɓe. Ta sa na cika kwanon da ƙasa da kashin awaki, ta watsa irin alayyahu, ta ce in ba shi ruwa kullum kafin in tafi aiki. Shi ke nan, ta koma ɗaki.

Sai daga baya na gane ba ta buƙatar alayyahun. So take in riƙa fitowa.

Daga kwano ɗaya muka fara. Duk abin da ya lalace a gidan sai ya koma bayan ɗaki: bokitin da ya tsage, robar wanki, tukunyar da ta sha wuta. Na roƙo tsofaffin tayoyi a wurin mai faci, muka jera su muka cika da ƙasa. Buhun siminti in aka naɗe bakinsa aka huda gindinsa, kuɓewa na sonsa. Ita ta koya min wannan.

Ruwan alwala da na wanke shinkafa ba a zubarwa a gidan Inna. Ta sa na tsaga wani tsohon tiyo biyu, muka kafa shi daga inda take alwala har gindin zogale. Cikin wata ɗaya zogalen ya farfaɗo.

Ba komai ne ya yi ba. Bazarar farko rana ta ƙone tumatirinmu tas, wanda ya san zafin garin nan ya san abin da nake nufi. Na ce mu haƙura. Washegari na dawo na tarar ta ɗaura tsohon gidan sauronta a kan sanduna huɗu, ya yi inuwa. Ta kuma binne wani tulu mai tsaguwa har wuya a tsakiyar shukar, a cika shi da safe, ya yini yana tsatsar da ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Kwalaben lemo kuwa ni na kawo dabarar, na gani a waya: a huda murfi da allura, a cika da ruwa, a kife a gindin shuka. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce ashe wayar tana da amfani.

Akwai ranar da awakin maƙwabta suka shigo suka cinye aikin wata uku. Ni na zauna a ƙasa ina kuka, kukan da ba na awaki kaɗai ba ne. Ta bar ni na yi mai isata. Da yamma muka fito da gadon ƙarfen marigayi mijinta da ke jingine a ɗakin ajiya, muka kwance shi, ya zama shinge.

A nan bakin rijiyar ta ba ni labarin lallen. Ta ce kakanta ne ya haƙa rijiyar. Shekarar da Nasara suka shigo garin, ya bi masu hijira gabas, ya ce wa matarsa in ya sami wurin zama zai aiko a ɗauke ta. Matar tana da goyo a lokacin. Ba aike, ba labari, har ta tsufa ta rasu a gidan. Ita ta dasa lallen a damunar farko da tafiyarsa. Inna ta tashi ta ishe ta da rai, ta ce kullum da hantsi tana nan a gindinsa.

"Ba ta taɓa cewa tana jiranai ba. Ruwa dai taka ɗiba ta ba lalle."

Itacen da ke wurin yanzu ba na asalin ba ne. In ɗaya ya tsufa sai a yanki reshe a dasa kusa da shi. Haka aka yi ta yi har ya iso hannun Inna.

Shekara shida na yi a gidan. Lambun ya kai har da yakuwa, tarugu, na'ana'a da gwanda biyu. Da gwiwarta ta ƙara tsananta, na ɗora buhunan a kan wani tsohon benci don kada ta riƙa sunkuyo. In ƙwari suka taso, ta jiƙa ganyen dogonyaro da toka ta yayyafa. Duk matan layin sun ci miyar wurin nan. Ba ta jiran a roƙa, ƙullawa take ta ce in miƙa.

Da aka yi min canjin makaranta zuwa Gidan Igwai, zirga-zirga ta yi min yawa, na koma can. Ta taya ni haɗa kaya. Na yi alkawarin zuwa duk Asabar. Na cika na 'yan watanni, daga nan ya koma wata-wata.

Ganina da ita na ƙarshe sati biyar ke nan. Na ishe ta zaune a kujera 'yar tsugunno tana cire busasshen ganye. Ta rame. Ta nuna min tarugun da ya fara ja, ta nuna min inda tiyon ya sake tsagewa, na ce zan kawo wani. Mai Keke Napep na jirana a waje, ina ta duba agogo.

"Ba ki zamna ki ci tuwo? Na aza da naki."

Na ce mata sai wani satin, Inna, yau ina sauri. Ta ce to, Allah shi kai mu. Ta rako ni har zaure tana dafa bango.

Maƙwabciyar ta ce yau ba ta ji ƙarar guga ba, kuma kullum ita take fara ji bayan asuba. Da gari ya waye ta leƙa, ta same ta a kan darduma. Ba kowa a gidan.

Da na isa tsakar gida ta cika da mutanen da ban taɓa gani ba a shekaru shidan nan. Wata daga cikin danginta ta dube ni ta tambaye ni wacece ni a wurin mamaciyar. Na ce na taɓa zama a gidan.

Maƙwabciyar ce ta amsa daga inda take zaune, ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Ɗiyatta ta. A ba ta wuri."

Suka matsa, na zauna.

Ya Allah Ka gafarta wa Inna Kulu, Ka yalwata mata kabarinta, Ka sanyaya shi, Ka ɗebe mata kewa a cikinsa. Ka sa duk ganyen da wani ya ci daga hannunta ya zama sadaka mai gudana. Ka haɗa ta da kakarta da mijinta a Aljanna, inda ba a rabuwa.

Ku da kuka karanta har nan, ba ku san ta ba, amma don Allah ku tsaya ku yi mata Ƙulhuwallahu ko da ƙafa uku ne. Ni ma ku sa ni a ciki, Allah Ya yafe min tuwon da ban zauna na ci ba.